Dirkar da Baba Mumuni Ya Bar Mini

Wanda ya tarbe mu a Doha wani siririn mutum ne mai wayoyi biyu, ko sallamarmu bai amsa ba. Ya tattara fasfo ɗinmu ya cusa a aljihu, ya nuna mana wata farar bas ya ce, "Yalla, yalla." Wato maza-maza. Ita ce kalmar Larabcin da na fara koya a ƙasar, kuma ita na fi ji a shekarar farko.

Ejan ɗin da ya yi mini hanya cewa ya yi tuƙi zan yi a wani babban kamfani, da ɗakina ni kaɗai. Ni kuwa direba ne tun ina saurayi, Funtuwa zuwa Zariya, Funtuwa zuwa Gusau, babu ramin da ban sani ba. Da muka isa unguwar Al Wukair sai na tarar da ɗaki mai gadaje hawa-hawa, takalma jibge a bakin ƙofa kamar a masallacin Juma'a, kamfanin kuma babu wanda ya taɓa jin sunansa. Na kira ejan, ya ce in yi haƙuri. Na sake kira, lambar ta daina shiga. Wata da watanni ina wankin mota a wani gareji, har sabulu ya tsattsaga mini hannuwa. Na baro matata Hadiza da ƙaramin ciki. Duk sanda ta tambaye ni aiki sai in ce da godiya, in kawo wani zancen.

Wani Basakkwace mai gadi a unguwar Al Aziziya ne ya ba ni labarin wani gida da ke neman direba a unguwar Umm Salal. Bayan doguwar wahala aka mayar da takarduna hannun mai gidan, Abu Rashid, ya zama kafil ɗina, wato shi ke riƙe da zamana a ƙasar. Ba mugu ba ne, ba kuma mai sakin fuska ba. Aikina in kai yaransa makaranta, in kai mahaifiyarsa asibiti, wata tsohuwa mai tafiya a keken guragu da duk ma'aikata ke kira Mama.

Ranar da na shigo da jakata ɗakin ma'aikata, na tarar da wani gajeren dattijo mai furfura a gemu yana tuƙa tuwon semo a kan ƙaramin risho. Na yi masa sallama da guntun Larabcina. Ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Bari wahala. Daga ina a Hausa?"

Na zauna a ƙasa ban shirya ba.

Sunansa Baba Mumuni, daga Zangon Kumasi ta ƙasar Gana. Ya ce kakansa fataucin goro ya kai shi can daga ƙasar Katsina, bai koma ba. Kafinta ne, amma a gidan komai shi ne: ƙofa, famfo, dabino, tantabarun yara. Hausarsa ba ta raba mace da namiji. Da ya ce mini, "Mata na ya aiko mini da kuka," sai dariya ta kuɓuce mini, karo na farko tun zuwana. Bai ji haushi ba, ya ce, "Yi dariyarka, amma wanke hannu." Na ci tuwon nan da miyar kuka ina sunkuyar da kai don kada ya ga idona. Ya bar mini gadon da ke kusa da na'urar sanyi, ya ce shi ƙashinsa ya tsufa, ba ya son sanyi.

A bayan gidan akwai wata rumfa a kan dandamalin katako, tsayinsa daga ƙasa bai wuce gwiwa ba, da rufin katako mai nauyi a kan dirkoki huɗu. Marigayi mijin Mama ne ya sa aka yi ta, a nan yake shan gahawa da baƙinsa. Tun rasuwarsa, kullum bayan la'asar sai a turo Mama nan, ta zauna tana kallon dabinai da carbi a hannu har magariba.

Sai korona ta shigo. Aka rufe makarantu, aka rufe masallatai. Ladan ya kira salla, a ƙarshe ya ce kowa ya yi a gidansa. Titunan da na saba gani cike suka zama fayau. A cikin kwanakin Hadiza ta haihu, namiji. Ta waya na ji an raɗa masa suna, maganar tana yankewa, ina zaune a bakin gado da hula a hannu. Baba Mumuni ne kaɗai ya yi mini barka baki da baki. Ya fito da dabino ya raba wa mai dafa abinci da mai aikin Mama, yana cewa, "Jikana ya zo."

Ba a jima ba Abu Rashid ya kira ni, ya tsaya nesa da takunkumi a fuska. Ya ce babu makaranta, babu fita, mota tana ajiye, zai duba abin da za a yi da ni. Na san ma'anar wannan dubawar. Abokaina da dama an riga an sallame su, suna zaune a ɗaki suna jiran jirgin da babu.

A wannan tsakanin ne Mama ta lura da dirkar. Ta kusurwar yamma ce. Ta yi ciki, ta lanƙwashe kamar baka, har rufin ya ɗan sunkuyo ta wajen da take zama. Abu Rashid ya zo ya girgiza ta, ƙura ta zubo daga sama. Ya ce khalas, wato shi ke nan, a rushe rumfar tun ba ta faɗo wa mahaifiyarsa ba, don unguwar masana'antu a rufe take, babu inda za a samo sabon katako ko ma'aikata. Mama ta ɗaga murya. Ban ji duka ba, amma na ji sunan mijinta sau da yawa. Washegari ta ƙi fitowa, ta ƙi abincin rana.

Baba Mumuni ya zagaya dirkar yana shafa ta da tafin hannu. Ya durƙusa ya nuna mini bakin famfon ban-ruwan ciyawa, wanda kullum da safe yake fesa wa gefenta ɗaya. "Duba," ya ce. "Nan ya sha ruwa ya kumbura. Nan kuma rana ya gasa shi ya tsuke. Dole ya karkace." Ya soka mata tsinin wuƙa daga ƙasa, ya ce cikinta lafiya lau, ba ta ruɓe ba. Sannan ya je ya sami Abu Rashid, ya ce zai miƙar da ita, amma aikin makonni ne, kuma ba ya yiwuwa da hannu biyu. "Sai da Lawal," ya ce, yana nuna ni. "In babu shi, ba zan iya ba."

Abu Rashid ya dube ni, ya dubi tagar ɗakin mahaifiyarsa, ya ce to.

Muka fara da kawar da bakin famfon. Na kawo jek ɗin mota, muka ɗora masa wani katako mai kauri, muka ɗaga kusurwar rufin kaɗan don a sauke wa dirkar nauyi, muka tokare da wani. Baba ya kankare tsohon fentin gefen da ya tsuke, muka naɗe shi da jiƙaƙƙun buhunan algarara, muka rufe da leda. A bayan sito muka samo wani dogon ƙarfe miƙaƙƙe, ragowar aikin ƙofar gareji. Muka jingina shi ta gefen da dirkar ta rame: sama ya taɓa, ƙasa ya taɓa, tsakiya kuwa rata har hannuna yana shiga. Baba ya ɗauko ƙarfen matsewarsa na kafintoci, ya kama cikin dirkar da shi ya haɗa da dogon ƙarfen, ya murɗa a hankali. Katakon ya yi wata 'yar ƙara. Ya saki hannu.

"Shi ke nan na yau," ya ce.

"Baba, ko motsi ba ta yi ba."

"Ya yi. Kai ne ba ka gani ba. In ka ji ya yi kuka, ka tsaya. In ka matsa masa, zai tsage, kuma abin da ya tsage ba ni da maganinsa."

Haka muka riƙa yi. Da safe in jiƙa buhuna, in ya ga dama ya murɗa kaɗan, wani lokaci ya ce yau a bar ta ta huta. Ya ɗaura zare daga sama zuwa ƙasa, muna gwada ratar da yatsu. Ban daɗe ba na gane cewa, in ban da ranar ɗaga rufi, babu abin da ya fi ƙarfin hannunsa a aikin nan. Na ce masa haka wata rana muna zaune a gefen dandamalin. Ya ce, "Kai dai jiƙa buhu. Kuma in mai gida ya leƙo, ka riƙa haɗa gumi."

A nan zaune yake ba ni labarin gida. Ya ce yana gina ɗakuna a bayan gidansu na Zango, saura rufi. Yana da ɗa, Razak, mai gyaran waya, wanda ya ƙi koyon kafinta. In rufin ya hau, zai koma, ya buɗe 'yar rumfar aiki, ya riƙa yin kujerun makaranta.

Ratar ta ragu zuwa yatsu biyu lokacin da ya fara tari. Ya ce ƙurar katako ce. Washegari jikinsa ya yi zafi kamar murhu, ya kasa gama sallar asuba a tsaye. Motar asibiti ta zo da mutane cikin fararen kaya tun daga kai har ƙafa, ba a ganin ko idonsu sosai. Da ƙafarsa ya shiga. Ya leƙo kafin su rufe ƙofa, ya ce, "Kada buhun ya bushe."

Ni kuma aka kulle ni a ɗaki, ana ajiye mini abinci a bakin ƙofa. Gwaji ya nuna ban kamu ba, amma aka ce in ci gaba da nesanta da kowa. Abu ɗaya na roƙa, a bar ni in riƙa zuwa rumfa da sassafe kafin kowa ya tashi. Aka bar ni.

Kwanakin farko yana kirana kullum. Kafin in ce yaya jiki, sai ya ce, "Yatsa nawa?" In faɗa masa. Ya ce in murɗa rabin zagaye, in kara wayar a jikin katakon ya ji. Ina tsaye ni kaɗai a cikin lambu, waya manne da dirka, shi kuma yana saurare daga gadon asibiti. "To, tsaya nan," ya ce. "Madalla." Ya faɗa mini abin da zan yi in ta miƙe: in cire buhunan, in bar ƙarfen a ɗaure har ta bushe a inuwa, sannan in ɗaura mata katako a gefe da ƙusoshi masu noti, in shafe ta da fenti ta kowane ɓangare don kada ruwa ya sake samun hanya. Ya sa na maimaita masa har ya gamsu.

Daga nan kiran ya fara raguwa. Na ƙarshe, numfashinsa ya fi maganarsa yawa. Bai tambayi dirka ba. Ya ce, "Lawal, in sun kira daga gida, ka ce ina samun sauƙi. Kada ka tayar masa da hankali." Matarsa yake nufi. Na ce to, Baba. Ya ce, "Ka yafe mini." Na ce shi da bai yi mini komai ba sai alheri. Na ji wata murya tana yi masa magana da Turanci, wayar ta mutu.

Abu Rashid da kansa ya zo ya faɗa mini, da hantsi, ina durƙushe ina matse buhu. Ya tsaya daga bakin ciyawa, ya kira sunana, abin da bai cika yi ba. Ya ce Mumuni ya koma ga Allah. Ya ce hukuma ce za ta yi masa sutura, mutum kaɗan aka yarda su je, ni kuwa ban cika kwanakin killacewa ba. Sannan ya juya.

Ni na kira Kumasi. Matarsa ce ta ɗauka, ta ce, "Lawal, yaya Baban naka?" Na yi salati, na kasa ci gaba. Ita ta ƙarasa mini salatin.

Bayan haka ban san abin da zan yi da kaina ba, sai na koma wa dirkar. Ɗakin ya yi mini faɗi, hularsa tana rataye a ƙusa, rishonsa a kusurwa. A rumfar kaɗai nake iya numfashi. Na ci gaba da murɗawa kaɗan-kaɗan, ina kasa kunne kamar yadda ya koya mini, har zaren ya kusa kwanciya a jikinta. Saura ɗan abin da bai kai kaurin yatsa ba, ta ƙi. Na murɗa, ta yi kuka, na tsaya. Babu wanda zan tambaya. Na bar ta haka. Na bi sauran abin da ya faɗa daki-daki, har ranar da na sauke jek. Rufin ya zauna daram.

Da la'asar aka turo Mama. Ta sa aka matsar da kekenta har gindin dirkar, ta ɗora hannunta mai lalle a kai, ta ce, "Mumuni." Ta ɗaga hannu ta yi addu'a mai tsawo, hawaye na bin ƙasan mayafinta. Sannan ta juya ga ɗanta ta yi masa magana a taƙaice, tana nuna ni da carbi. Abu Rashid bai sake tayar da zancen dubawa ba.

Da aka sassauta doka na je maƙabarta. Abu Rashid ya ba ni lambar kabarin, na kuwa same shi ba wuya: shi ne na ƙarshe a layin ƙarshe, bayansa fili ne fetal har katanga. Na yi masa addu'a, na riƙe wurin a raina.

Shekara biyu suka wuce. Na je gida hutu sau ɗaya, ɗana ya ɓuya a bayan zanin uwarsa da ya gan ni, sai da na kusa komawa ya yarda na ɗauke shi. Na dawo na tarar gari ya canza kama saboda gasar cin kofin duniya. Tutoci ko'ina, ganguna, mutane kala-kala suna waƙa a cikin jirgin ƙasa. Ina jigilar baƙin Abu Rashid daga filin wasa zuwa otal, ina ganin titunan da na sani babu kowa sun cika maƙil, kamar ba a taɓa yin ciwo a nan ba.

Ana cikin haka wata baƙuwar lamba ta kira ni. "Yaya Lawal? Ni ne Razak, ɗan Mumuni. Ina Doha." Ya biyo ayarin magoya bayan ƙasarsu ne. Ya ce shi ƙwallo ba ta dame shi ba, ita ce kawai hanyar da ya samu.

Na ɗauko shi ranar wata Juma'a, jajiberin komawarsu. Da na hango shi a bakin titi da rigar ƙwallo, sai na ga kamar Baba Mumuni ne: tsayin uban, tafiyar uban. Na fara kai shi Umm Salal. Na ba shi hular uban da akwatin kayan aikinsa. Na kai shi rumfa, na ba shi labarin yadda aka yi. Ya rufe ido ɗaya ya auna dirkar daga ƙasa zuwa sama, ya ce, "Bai gama miƙewa ba." Na ce e, nan ta tsaya. Ya shafa ta. Mama ta aiko masa da kwalin dabino da turare, ta ce a kai wa uwarsa.

Bayan mun sauko daga masallaci muka wuce maƙabarta. Ina gaba yana biye da ni, na nufi wajen katanga da ƙarfin gwiwa. Sai na tsaya cak. Filin nan babu shi. Layuka ne a jere har jikin katangar, tudun ƙasa iri ɗaya, duwatsu iri ɗaya. Na duba lambobi, rana ta cinye fentin na tsofaffin layukan, sai ɗigo-ɗigo. Na yi gaba, na dawo, na sake ƙirgawa daga bakin hanya. Gumi ya jiƙa mini riga. Razak yana kallona.

Wani tsoho mai kula da wurin ya zo da butar ruwa a hannu. Na faɗa masa lambar da lokacin rasuwar. Ya ce mai duba lambobi ba ya zuwa ranar Juma'a, sai dai mu dawo. Na ce jirgin yaron nan gobe da safe ne. Sai ya ja mu zuwa wani layi, ya nuna farkonsa da ƙarshensa. Ya ce mutanen wancan lokacin duk a nan suke, yawancinsu baƙi ne, kuma tun da aka binne su bai ga wanda ya zo musu ba sai ɗaiɗaiku.

Na ce, "Razak, ka yafe mini. Yana cikin layin nan, amma ba zan nuna maka wanda ban tabbatar ba."

Ya dubi layin daga wannan kai zuwa wancan. Ya cire takalmansa ya ajiye a gefen hanya, duk da zafin ƙasar. Ya ce, "Babu komai, Yaya. Mu fara daga nan."

Ya tsaya a bakin kabarin farko ya ɗaga hannu, na tsaya a gefensa. Tsohon ya ajiye butarsa ya zo ya tsaya a bayanmu. Muka gama, muka matsa na gaba, muka sake ɗaga hannu. Haka muka bi su ɗaya bayan ɗaya, ba mu tsallake kowa ba, har aka kira la'asar.